Fita da yara wurin wasa da Sallah: a tafi da kula ne ko a saya a can?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa. Shawara nake nema tun kafin Sallah ta ƙaraso, don abin da ya same ni bara ba na so ya maimaitu.

Washegarin Sallah muka kwashi yara, nawa huɗu da na ƙanwata biyu, muka kai su wani wurin wasan yara a nan cikin Bauchi. Mun fita wajen ƙarfe 11, babu wanda ya ci abin kirki sai shayi da cincin, kowa ɗoki ya hana shi zama. Tun daga bakin ƙofa aka fara: wannan askirim, wancan gugguru, wancan alawa mai launi. Da azahar ta yi yunwa ta taso musu gaba ɗaya, na shiga layin mai shinkafa da kaza na fi minti arba'in a tsaye, auta a bayana yana tsala kuka. Kuɗin da na ware don lilo da motocin wasa, rabinsu a ciye-ciye suka tafi. Khalifa ya sha lemon kwalba biyu ya hau abin nan mai juyawa, yana saukowa ya kelaya amai a kan sabuwar shaddarsa. Da dare 'yar ƙanwata ta fara gudawa, kwana biyu muka yi a asibiti.

Amma wallahi abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne tsawar da na daka musu a gaban jama'a. Ranar da na kai su don su yi farin ciki, da hawaye suka shiga mota. Bana ma sun fara lissafi. Ku da kuka saba fita da yara, yaya kuke yi da maganar abinci? Ku tafi da shi ne daga gida ko ku saya a can?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Maman Khalifa, Allah ya ƙara wa yarinya lafiya. Ni dai a ganina kada a mayar da ranar Sallah ranar asibiti tun kafin a yi ciwo. Sau nawa a shekara yaro yake ganin irin wannan wuri? Sau biyu. Kullum tuwo ne da shinkafa da wake a gida. In ya sha askirim da lemo rana ɗaya, me zai same shi? Mu da muka taso muna yawon Sallah da kuɗin barka da Sallah a aljihu, babu abin da ba mu saya ba a bakin hanya, ga mu nan da ranmu. Ki ƙara kuɗi kawai, ki bar su su more.

Uwar Biyu:
Baban Ummi, "ki ƙara kuɗi" a wannan zamanin? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yara shida fa ta ce.

Adda Nas:
Barkanmu da war haka. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma kusan kowace Sallah a bakin aiki take riskata, saboda haka ina ganin yaran da ake kawowa a daren fita da washegari.

Hamma Baban Ummi, akwai inda na yarda da kai. Askirim ɗaya ko lemo ɗaya ranar Sallah ba shi ne yake kwantar da yaro ba. Abin da yake kawo mana su abu uku ne da suke haɗuwa: rana, ƙishirwa, da abincin da ya daɗe a ajiye cikin zafi. Ƙaramar Sallah yanzu cikin bazara take faɗowa, kun san zafin Bauchi a watan Maris da Afrilu, yana taɓa 40 a ma'auni. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai, ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60 a ma'auni, ko ya zauna cikin sanyi ƙasa da digiri 5. A irin zafinmu ma awa 1 ake so a ɗauka. To ku duba shinkafar da aka dafa tun asuba, aka zuba a robobi aka jera a kan tebur har la'asar. Shinkafa musamman akwai wata ƙwayar cuta da take tsira daga dahuwa, in abincin ya huce ta hayayyafa ta saki guba, kuma ɗumamawa ba ya kashe gubar. Haɗin kabeji da aka kwaɓa da mayonis shi ma ba ya jure rana ko kaɗan.

Sai dai Maman Khalifa, ki ji wannan da kyau: ƙa'idar nan har kular gidanki ta shafa. In kin dafa dafa-duka da ƙarfe 6 na safe, kika zuba a kular da ba ta riƙe zafi, kika bar ta a bayan mota, aka ci da ƙarfe 3, babu bambanci tsakaninta da ta mai sayarwa. Don an ce "na gida ne" ba shi ne ya zama lafiyayye ba.

'Yar Mai Masa:
Adda Nas, Allah ya saka da alheri da kika faɗi wannan ƙarshen, don tun da na ga tambayar gabana yake faɗuwa, na san masu sayar da abinci za a ɗora wa laifi. Mahaifiyata masa take yi fiye da shekara ashirin, da kuɗin masar ta yi mana makaranta. Duk Sallah muna fita da tanda kusa da inda jama'a suke taruwa, kuma cinikin kwana ukun nan ya fi na wata guda. In kowa ya zo da kularsa, mu ina za mu sa kanmu?

Kuma a yi adalci. Masar da aka kwashe daga tanda a gaban idonki tana turiri, ta fi shinkafar da ta kwana a mota tsafta nesa ba kusa ba. Ba duk mai sayarwa ne ƙazami ba.

Adda Nas:
Ƙanwata, gaskiyarki ce, kuma ni kaina masa nake saya. Duk abin da aka soya ko aka gasa a gabanki ya fito daga wuta, shi ne mafi aminci a irin wuraren nan: masa, ƙosai, awara, tsiren da aka mayar kan wuta ya yi zafi har ciki. Inda nake tsoro shi ne abin da ke gefe. Miyar da ake zubawa a kan masar, tana kan garwashi ko ta huce? Ruwan da ake ɗauraye kwano, sau nawa aka canja shi? Hannun da ya karɓi kuɗi shi ne yake ɗaukar abincin?

'Yar Mai Masa:
Mu dai miyar taushenmu a kan gawayi take zama har a tashi, kuma ƙanina ne yake karɓar kuɗi, Inna ba ta taɓa su. Wanda kuma yake shakkar miya ya ce a ba shi da ƙuli da yaji, ko ya zo da kwanonsa mai murfi. Babu mai masar da za ta ji haushi don kin miƙo kwanonki, sauƙi ma kika yi mata.

Malama Firamare:
Bari in sa baki, don ni yara talatin nake fita da su yawon buɗe ido duk ƙarshen zango, mun je kabarin Tafawa Ɓalewa, mun je gandun namun daji na Sumu. Maman Khalifa, a cikin labarinki ni wuri ɗaya na ga matsalar ta faro, inda kika ce "babu wanda ya ci abin kirki". Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya shiga wurin wasa da yunwa, duk abin da idonsa ya gani sai ya yi kuka a kansa, kuma ke ma in cikinki babu komai haƙurinki gajere ne. Tsawar nan da take damunki, yunwa da rana ne suka yi ta.

Ni dokata ita ce mota ba ta tashi sai kowa ya ci abin da zai riƙe shi: ɗumamen tuwo, ko ɗanwake, ko kunun gyaɗa da ƙosai, ko wake da shinkafa. Shayi da cincin awa ɗaya ne sun narke.

Sai abu na biyu, wanda shi ya raba ni da rigima. Tun a gida nake faɗa wa kowane yaro: kana da abu ɗaya da za ka zaɓa da kanka a can, ko askirim, ko lemo, ko gugguru. Ɗaya. Manyan na damƙa musu kuɗin a hannu. Za ki sha mamaki, yaron da yake kuka a saya masa komai, in kuɗin na hannunsa ne sai ya zagaye wurin sau uku yana tunani kafin ya kashe. Kuma ba ya jin an hana shi, shi ne ya zaɓa.

Baban Ummi:
Malama, abu ɗaya tak? Ranar Sallah? Wannan ai makaranta kika mayar da wurin.

Malama Firamare:
Ka mayar da shi biyu in aljihunka ya kai, Baban Ummi. Ba adadin ne ya dame ni ba. A yi maganar a gida cikin natsuwa, kada a bari sai a gaban mai askirim yara shida suna jan zaninta.

Uwar Biyu:
Ni akwai abin da nake so in faɗa, kuma maza ku yi haƙuri. Duk shawarar da ake bayarwa ta "a dafa a gida, a zuba a kula", wa zai yi? Matar da ta yi wata guda tana girkin buɗa-baki da sahur, ta kwana biyu tana suyar kaji da cincin da tuwon Sallah, ita ce kuma za ta tashi da asuba ta sake ɗora tukunya don fita. Sannan ita za ta ɗauki kula, ta goya yaro, ta riƙe jakar ruwa, maigida kuwa ya sauke su a ƙofa ya ce a kira shi in an gama. An ce a rage wahala, ni ban ga inda ta ragu ba, wuri kawai ta canja.

Maman Khalifa:
Uwar Biyu kamar kin shiga zuciyata. Bara ni da ƙanwata ne kaɗai da yara shida.

Baban Ummi:
Wannan magana ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Ni ma sauke su nake yi in tafi gaishe-gaishe. Da na ce a ƙara kuɗi, a raina sauƙi nake nema wa matan, ban yi tunanin tsayuwar layi da goyo a baya ba. Maman Khalifa ki yafe ni in maganata ta yi kama da raina abin da ya same ki.

Maman Khalifa:
Babu komai wallahi Baban Ummi, ai muhawara ce.

Goggon Yara:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take rubuta mini. Uwar Biyu, ba sai an ɗora tukunya ba. Mu da muke tafiya kallon hawa tun muna 'yan mata, guzurinmu ba ya son wuta kuma ba ya tsoron rana: dambun nama, dabino, aya, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, 'yar gurasa ko burodi. Dambun da aka soya ya bushe sosai sati yake yi bai canja ba. Ki sa shi cikin burodi, yaro ya ƙoshi. Ki ƙara da ayaba da lemon zaƙi, waɗanda Allah ya yi su da rigarsu, sai an zo ci a ɓare. Duk wannan da daddare ake haɗa shi cikin jaka, minti goma.

Ni kuma ina da ciwon sukari, shekara tara ke nan. Ina bin jikokina wurin wasa don ba na so a bar ni a gida. Abin da likita ya koya mini: kada in sha magani in fita ban ci ba, kuma kada in tsallake lokacin abincina don ana cikin hidima. Ina riƙe dabino uku a ɗaure a bakin gyale. In na ji jiri da rawar jiki da gumi mai sanyi, na san sukari ne ya sauka, sai in ci in zauna. Masu fita da tsofaffi ku riƙa tambayarsu ko sun ci, don mu kunya muke ji mu ce muna jin yunwa a gaban surukai.

Adda Nas:
Goggo, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, kin gama magana. Gyara ɗaya kawai zan yi: gyaɗa da aya da gugguru kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba, musamman yana gudu ko yana dariya, suna shaƙe yara su faɗa hanyar numfashi. Auta a ba shi ayaba.

Sannan kankana da gwanda da abarbar da aka yanka aka ɗaura a leda tun safe, a bar su. In ana sha'awa a sa mai ita ya yanka sabuwa a gabanki.

Tun da Goggo ta taɓo sukari, bari in faɗi abin da mutane ba sa lissafawa. Kwalbar lemo ƙarama mai 35cl, irin baƙin nan, tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9. Ta roba mai 50cl ta haura 12. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi babban mutum kada ya wuce giram 50 a yini, wato wajen cokali 12, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Ka ga yaron da ya sha kwalba biyu ya wuce kason babansa tun kafin a zo kan askirim. Kuma lemo ba ya kashe ƙishirwar rana, shi ya sa da ya shanye yake neman wani. Ruwa za a fara ba su, kafin su ce suna jin ƙishi.

Uwar Biyu:
To zoɓo da kunun aya fa? Ni su nake saya musu a maimakon lemo, ina ganin na yi dabara.

Adda Nas:
In ke kika haɗa a gida da tafasasshen ruwa kika rage sukari, zoɓo ya yi. Na sayarwa kuwa ba ki san ruwan ba, ba ki san ƙanƙarar ba, ba ki san inda aka tsinto robar ba. Ba mu manta amai da gudawar 2021 ba, jiharmu tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma ta ruwa cutar take bi. Kunun aya shi kuma ko na gida ne ba ya son zafi, da ya huce zai fara tsami. In za ki tafi da shi ki daskarar da shi tun dare, a sha da wuri.

Dabarar da nake yi: robobin ruwa nake sawa a firiza su zama ƙanƙara, in jera su a ƙasan kula. Suna sanyaya abin da ke ciki, in sun narke kuma a sha.

Maman Khalifa:
Adda, unguwarmu wuta ba ta zama har ta daskarar da ruwa.

'Yar Mai Masa:
Anti ki sayi ƙanƙara ta leda wurin masu sayarwa, ki sa ta a kula a ɗaure yadda take, ta sanyaya ruwanki daga waje. Kada dai ki fasa ta cikin abin sha. Haka muke yi.

Hamma Direba:
Ni bas nake ja, kuma duk Sallah ina kai iyalai Yankari, saboda haka bari in yi wa masu niyyar can bayani, don ta sha bamban da wurin wasan cikin gari. Daga Bauchi za ka bi hanyar Gombe, ka karya a Dindima, ka isa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sama da kilomita 40 cikin daji, babu mai rake babu mai fiya wata. Duk abin da ba ka riƙo ba, sai ka isa. Ruwa ya fi komai, ni jaka biyu nake sawa a mota ko fasinja ba su ce ba.

Na biyu, birai. Gwaggon birin Wikki ya san leda, ya san kula, ya san yaro ba zai iya hana shi ba. Kada a ba yaro abinci a hannu yana yawo, kada a bar gilashin mota a buɗe, kuma don Allah kada a jefa musu abinci, shi ne yake sa su ƙara sabo da mutane. A ci a cikin ɗaki ko cikin mota a rufe.

Na uku, ruwan Wikki ɗumi ne da shi, 31 a ma'auni dare da rana, yara in sun shiga ba sa son fitowa. Suna fitowa kuma yunwa ce mai tsanani. A tanadi abin da za a miƙa musu nan take. Kuma wanda ya san yaronsa yana amai a mota, kada ya cika masa ciki da maiƙo kafin a tashi.

Ɗalibi a Amurka:
Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Ni ɗan Gombe ne, karatu ya kawo ni nan. Na ga kamar wasu suna jin nauyin shiga wurin wasa da guzuri, kada a ce rowa ce ko rashi. Disney World da ke Fulorida, wanda duniya take zuwa, sun yarda mutum ya shiga da abincinsa da abin shansa, in dai ba a kwalbar gilashi ba ne kuma ba ya buƙatar ɗumamawa. Kuma in ka je wurin masu sayar da abinci ka nemi kofin ruwa, kyauta ne. Iyalai da yawa da jakar guzurinsu suke shiga, su sayi abu ɗaya ko biyu na marmari a ciki. Babu mai kallon kowa.

Malama Firamare:
Ɗana ka tuna mini. Wuraren nan namu ba dokarsu ɗaya ba, wasu suna barin a shiga da abinci, wasu ba sa bari don suna da masu sayarwa a ciki. Maman Khalifa ki aika a tambaya tun kafin ranar. In ba sa bari, a bar jakar a mota, a fito a ci a koma, amma a tabbatar tikitin yana ba da damar komawa. Ruwa da abincin jariri dai ki yi wa mai gadi magana da lalama.

Sai lokaci. Kin ce ƙarfe 11 kuka fita, wato kun shiga rana tun daga farkonta har ƙarshenta, kuma yunwarku ta zo daidai da ta kowa, shi ya sa layi ya yi tsawo. Ko ku yi sammako ku dawo kafin azahar, ko ku ci abincin rana a gida ku fita bayan la'asar. Awa biyu zuwa uku sun ishi yaro. Abin hawa mai juyawa kuma a fara da shi, ciye-ciye ya biyo baya.

Malam na Masallacin Unguwa:
Allah ya yi muku albarka, zance ne mai amfani. Hadisin nan da muka sani, kashi ɗaya na ciki don abinci, ɗaya don abin sha, ɗaya don numfashi, manya ma ya kamata mu tuna da shi, don bayan wata guda ana azumi ranar Sallah mukan yi wa ciki lodin da bai saba ba. Ina kuma roƙon a riƙa kwashe ledoji da robobi in an gama. Wuraren nan washegari ba su kallo.

Baban Ummi:
Har yanzu dai ni ina nan kan cewa askirim ɗin nan a bar musu shi. Shi yaro yake tunawa, ba dambu ba.

Adda Nas:
A bar musu, Hamma. A duba dai ya daskare sosai. Wanda ya narke ya sake daskarewa za ka gan shi ya lotsa a cikin robarsa ko ya yi ƙanƙara-ƙanƙara a sama, shi ne abin gudu.

Maman Khalifa, ki sa sabulu ɗan ƙarami a jaka, kowa ya wanke hannu kafin ya ci, don hannun da ya riƙe ƙarfen lilo yara ɗari sun riƙe shi. Ki ajiye ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, da ƙwayar zinc a gida tun yanzu, kafin kemis su rufe don Sallah. Ƙunshin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa ake kaɗawa, wato fiya wata biyu. In yaro ya fara gudawa a fara ba shi nan da nan, kaɗan-kaɗan. In kuwa ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko an ga jini, asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne.

Maman Khalifa:
Salamu alaikum, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na ce sai na dawo na ba ku labari.

Jiya muka je. Na nuna wa Baban Khalifa maganar Uwar Biyu, bai ce komai ba, amma da lokaci ya yi sai ya ajiye mota ya shigo tare da mu, shi ya riƙe jaka da auta. Mun ci tuwo da rana a gida, muka fita bayan la'asar. Na riƙe ruwa da ayaba da dambu cikin burodi kamar yadda Goggo ta ce. Kowa na ba shi kuɗin abu ɗaya, babansu ya ƙara musu na biyu, ban hana ba. Khalifa ya hau abin juyawarsa tun da farko, lafiya lau ya sauko. Da za mu fito muka tsaya wurin wata mai masa a bakin ƙofa, na miƙa kwanona ta cika shi daga tanda, da ita muka yi abincin dare.

Ba duka ne ya tafi daidai ba. Bayan la'asar cunkoso ya fi yawa, sai da muka daɗe a layin tikiti, kuma 'yar ƙanwata ta yi kuka don ta kashe kuɗinta a gugguru sannan ta ga askirim a hannun 'yan uwanta. Khalifa ne ya raba nasa da ita. Burodin kuma rabinsa muka dawo da shi, da na sani ban yi da yawa ba. Amma kowa ya kwana lafiya, kuma ban daka wa kowa tsawa ba.

'Yar Mai Masa:
Alhamdu lillahi Anti. Allah ya sa alheri, kin yi wa wata ciniki.

Goggon Yara:
Madalla 'yata. Burodin da ya rage kada ki zubar, ki gasa shi a kasko da safe su sha shayi da shi.

Uwar Biyu:
Mu sai gobe za mu fita, kuma Yankari maigidan ya ce. Hamma Direba, mu takwas ne da tsohuwa ɗaya, jakar ruwa nawa za mu riƙe, kuma ƙarfe nawa ya kamata mu bar gari?

Hamma Direba:
Ku riƙe uku, zafin ya yi yawa bana. Ku tashi da an idar da sallar asuba, ku karya a gida kafin ku hau hanya. Tsohuwar a ba ta gaban mota, maganinta kuma a jakar hannunta, kada a sa shi a but.